Wane yare zan rubuta a tallar neman ma'aikaci? Muhawara a zauren masu rubuta manhaja na Kaduna

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Wasunku sun san muna da ɗan kamfani a Unguwar Rimi, mu huɗu, muna yi wa makarantun kuɗi da kemis-kemis manhajar lissafi da ajiye bayanai. Tun 2018 da PHP, wani yaren rubuta manhaja, da Laravel, kayan aikin da aka gina a kansa, muka gina komai.

Wata biyar da suka wuce muka ɗauki wani matashi. Takardarsa ta neman aiki shafi uku ce cur, cike da yarukan rubuta manhaja: Python, Java, Go, Rust, Kotlin, har da C++. Ranar intabiyu ya yi bayani mai gamsarwa, na ji a raina mun dace. To ƙarshen zangon da ya wuce wata makaranta a Kawo ta kira ni da sassafe, shugabar makarantar hankalinta a tashe. Sun buga takardun sakamakon jarrabawa, duk yaron da sunansa ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, alamar tambaya ce ta fito a wurin harafin. Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙasimu ya koma ?asimu. Iyaye kuma Juma'a za su zo karɓa.

Na miƙa masa aikin. Kwana biyu yana kai, a na uku ya zo ya ce matsalar daga PHP ce, tsohon yare ne, a ba shi wata shida ya sake rubuta manhajar gaba ɗaya da Go. Yarinyar da ke bautar ƙasa a wurinmu tana jin mu, ba ta ce komai ba. Bayan azahar ta kira ni ta nuna mini cewa sabon teburin da aka ƙara a rumbun bayanai an bar shi a kan latin1, tsarin ajiye haruffa da ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, alhali sauran duka utf8mb4 ne, wanda yake ɗaukarsu. Ta gyara cikin minti arba'in, sannan ta zauna da rajista tana sake shigar da sunayen da suka riga suka lalace ɗaya bayan ɗaya har magariba.

Mun rabu da shi lafiya. Yanzu zan sake fitar da talla. In rubuta dole sai wanda ya iya PHP, ko in cire maganar yare gaba ɗaya? Kuma ta yaya ake gane ƙwararre kafin a ɗauke shi?

Na-Rigasa:
Wa alaikumus salam Yaya. Yaron bai kyauta ba, wannan kam babu ja. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ranar da ka rubuta PHP a talla, rabin yaran da suka fi ƙwazo a garin nan ba za su ko buɗe ta ba. Kowa yana kallon gaba ne. Google ya fitar da Go a 2009, Rust ya tsaya da ƙafarsa a 2015, yaran da ke kwana suna karatu can hankalinsu yake. Yaren da kamfani yake amfani da shi yana nuna irin mutanen da zai jawo.

Ɗan Panteka:
Ƙanena, tun ina koyo a shagon intanet a Tudun Wada nake jin ana cewa PHP ta mutu. Yau shekara nawa? WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da PHP aka rubuta shi, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kansa suke. Wikipedia PHP ce. Facebook da PHP ya fara a 2004. Ni da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara uku.

Mahaifina mai walda ne a Panteka, a gabansa na tashi. Ban taɓa jin mai mota ya tambaye shi sunan kamfanin da ya ƙera injin waldarsa ba. Abin da ake dubawa shi ne, in ya ɗinke ƙarfe, zai kai Birnin Gwari ya dawo bai ɓalle ba? Yaron nan an ba shi ƙofa ta karye a maƙale, ya ce a rushe gida.

Na-Rigasa:
Yaya, ai ban ce ta mutu ba. Cewa na yi ba ta jawo masu ƙwazo.

Ɗan Panteka:
To wadda ta gyara aikin cikin minti arba'in fa, ita ba mai ƙwazo ba ce?

Injiniya:
Bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara goma sha tara a sashen kwamfuta na wani banki kafin in dawo gida Malali, kuma na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata sau da yawa.

Na farko, Baban Hanifa, kuskuren ba daga takardar yaron ya fara ba, daga intabiyun ya fara. Kun tambaye shi abin da ya sani, ya faɗa muku. Ba ku ba shi abin da ya lalace ba ku ga yadda zai yi da shi. Rubuta sabon abu a kan farin allo kowa yana so, kuma shi ne mafi sauƙi a sana'ar nan. Mafi yawan kwanakin mai wannan aiki a karanta abin da wani ya rubuta suke ƙarewa, wani lokaci wanda ya rubuta ya bar aiki shekara biyar, bai bar bayani ko layi ɗaya ba. Wanda ba shi da haƙurin karanta rubutun wani, kome yawan yarukan da ya haddace, zai riƙa kawo maka shawarar a rushe a sake.

Ga abin da nake yi. Ina ajiye ƙaramar manhaja mai kurakurai uku da na sa da gangan. Ɗaya a bayyane yake. Na biyu yana cikin lissafin kuɗi: na ajiye naira a matsayin lamba mai ɗigo. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin mutane ya san kwamfuta ba ta iya ajiye 0.1 daidai, domin da bibbiyu take ƙirga. Ka buɗe Python ko JavaScript yanzu ka tara 0.1 da 0.2, abin da za ka gani shi ne 0.30000000000000004. A rasit ɗaya ba komai ba ne. A lissafin wata guda na reshe guda, sai ka ga akawu ya kwana a ofis yana neman kwabo bakwai. Shi ya sa ake ajiye kuɗi a kwabo, cikakkiyar lamba, kuma shi ya sa idan kana haɗa manhajarka da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a kwabo kake tura adadin. Kuskure na uku kuma ƙofa ce da na bari a buɗe: akwatin bincike da yake ɗaukar abin da mutum ya rubuta ya zuba shi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ƙofar da ɓarawo zai iya bi ya kwashe rumbun bayanai duka.

Sai in zauna kusa da mutum awa ɗaya da rabi. Ba na hana shi intanet. Abin da nake kallo: yana karanta saƙon kuskure kuwa, ko yana gani sai ya rufe? Yana canza abu ɗaya ya gwada, ko yana canza goma lokaci guda yana fatan dace? In ya maƙale, yana iya cewa ban sani ba? Wallahi wanda ya ce mini ban sani ba amma ga inda zan fara dubawa, ya fi mini wanda ya yi mini lacca.

Na biyu, maganar yare. Yaren COBOL an yi shi a 1959, har yau manyan bankuna a duniya suna tafiya a kansa. A 2020, lokacin korona, gwamnan New Jersey a Amurka fitowa ya yi a bainar jama'a yana neman masu COBOL saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cika ya batse. Ita kuma WhatsApp ɗin da ke hannun kowa, sabar ta, wato babbar kwamfutar da saƙonni suke bi ta cikinta, da Erlang aka gina ta, yaren da kamfanin Ericsson ya ƙirƙira tun shekarun 1980 don injinan wayar tarho. Lokacin da Facebook ya saye ta a 2014 a kan dala biliyan 19, ma'aikatanta ba su kai sittin ba. Ba su zaɓi Erlang don ana yayinsa ba, sun zaɓe shi don an yi shi ne domin ɗaukar haɗi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, wanda shi ne damuwarsu. Kai damuwarka makarantu ne da kemis, masu amfani ɗari biyu, wuta tana ɗaukewa, sabis yana yankewa. Babu abin da Go zai yi maka a nan da Laravel ba ya yi.

Maman Sadik:
Baba Injiniya ya yi magana, Allah ya ƙara lafiya. Amma akwai abin da kowa yake zagayewa, ni zan faɗe shi. Baban Hanifa, nawa kake biya?

Baban Hanifa:
Dubu ɗari da ashirin muka ba shi a wata, da kuɗin data.

Maman Sadik:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba ina zarginka ba ne, na san abin da makarantu suke biya, na san yadda ake bin su bashi zango bayan zango. Amma mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 dubu saba'in ne. Mutumin da zai ci jarrabawar da Baba Injiniya ya zayyana, ya gano kurakuran nan uku, ya san ya iya. Zai hau jirgin ƙasa a Rigasa ya je Abuja a ninka masa, ko ya zauna a ɗakinsa a Barnawa da sola da inbata yana yi wa kamfanin waje aiki a biya shi da dala. Ni haka nake yi shekara uku ke nan. Ba za ka iya gasa da wannan ba, kuma ɓata lokaci ne ka gwada.

Abin da za ka iya shi ne ka ɗauki mai hankali da bai gama nuna ba, ka koya masa, ka sani tun farko cewa bayan shekara biyu ko uku zai tafi, ka tsara aikinka yadda tafiyarsa ba za ta durƙusar da kai ba. A rubuta bayani, komai ya shiga Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa manhaja, kada a bar mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ya san wani sashe. Wannan gurbin shi ne wanda manyan kamfanoni suka gudu suka bari. Ku tuna kamfanin Andela, da horar da sababbin masu rubuta manhaja ta yi suna tun 2014 a Legas, amma a 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi wajen ɗari huɗu saboda kasuwa manya take nema. Kowa yana son ƙwararre, babu mai son ya yi renonsa. In ƙananan kamfanonin Kaduna ba su yi renon ba, wa zai yi?

Sannan ina roƙo, don Allah a daina bai wa masu neman aiki aikin mako guda kyauta da sunan gwaji. An taɓa yi mini. Na yi kwana shida ina gina musu shafin biyan kuɗi, ga goyo, ga wutar da ba ta zama. Suka ce ban dace ba. Bayan wata biyu na ga aikina a shafinsu, ko launi ba su canza ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. In gwaji zai wuce awa biyu, a biya mutum.

Ɗan Panteka:
Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Allah ya saka miki, Hajiya.

Malam Mai Koyarwa:
Ni ta ɓangaren aji zan zo. Na yarda da Injiniya, amma ina jin tsoron kada a fahimci zancen kamar karatun tushe ba shi da amfani. Yarinyar nan ta gano matsalar ne don ta san cewa harafi a cikin kwamfuta lamba ce, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na wace lamba ce ke nufin wane harafi. latin1 haruffa 256 kawai yake iya ɗauka, an yi shi don harsunan yammacin Turai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a cikinsa. Wannan ilimi ba na PHP ba ne, ba na Go ba ne. Da an bar yaron ya sake rubutawa da Go a kan wannan teburin, bayan wata shida ?anladi zai sake gani.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, yare ɗaya ku riƙe shi har ku san inda yake ciwo, sannan ku koyi SQL da kyau, ku san yadda bayani yake tafiya daga waya zuwa saba ya dawo. Wanda ya san wannan, sabon yare aikin makonni ne a wurinsa.

Ɗan Panteka:
Malam, da girmamawa, ni ban shiga jami'a ba, kuma na san latin1. Ranar da ta cije ni na san ta.

Malam Mai Koyarwa:
Ban ce sai a jami'a ake samunsa ba, Malam. Cewa na yi sai an same shi. Na ga masu digiri mai daraja ta ɗaya da ba su taɓa ɗora shafi a saba ba, na kuma ga yaran da suka koya a wurare irin su cibiyar fasaha ta CoLab a nan Kaduna ko ta 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani da aka fara a 2023, suna aikin da ni kaina nake tsayawa in duba. Ni da za a bi ta tawa, a cire sharaɗin digiri daga tallar.

Ɗaliba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji uku, yawanci karatu kawai nake yi a zauren nan ba na magana. Tambayata biyu. Na fara Python, wata ƙawata ta ce in bari in koma JavaScript don shi ake ɗauka aiki da shi, wani kuma ya ce Flutter, abin gina manhajar waya. Kaina ya ɗaure. Ta biyu, in an zo gwaji irin na Baba Injiniya, laifi ne in yi amfani da ChatGPT? Don gaskiya da shi nake koyo.

Maman Sadik:
Ƙanwata, kada ki bar Python a tsakiya. Tun 1991 yake, Instagram da shi aka gina sabar sa ta hanyar Django, kayan aikin da aka gina a kansa, ba inda zai je. Ki gama abu ɗaya da shi wanda mutum na gaske zai yi amfani da shi. Akwai mai shago a gidanku ko unguwarku? Ki yi mata abin rubuta bashi: wa ya karɓa, nawa, yaushe zai biya. Ki ba ta ta yi wata guda tana amfani da shi. Za ta rubuta suna a wurin lamba, za ta danna sau biyu, wayarta za ta mutu ana tsakiyar ajiyewa. Abin da za ki koya a watan nan babu bidiyon da zai koya miki. JavaScript kuma zai same ki da kansa, duk mai taɓa shafin intanet sai ya haɗu da shi.

Injiniya:
'Yata, a wurina ba laifi ba ne. Tun da ya fito a ƙarshen 2022 na daina hanawa, domin a wurin aiki ma za ki yi amfani da shi. Sharaɗina ɗaya: duk layin da kika liƙa, zan sa yatsa a kai in ce me wannan yake yi, kuma me zai faru in na cire shi. In kin amsa, naki ne. In ba ki amsa ba, kin sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kuma ranar da kuɗin wani kemis ya ɓace ba injin za a kira ba, ke za a kira.

Na-Rigasa:
Na karanta duka, kuma na karɓi maganar Malam cewa sake rubutawa da Go ba zai gyara sunayen ba. A nan na yi kuskure da na tsaya wa yaron ko da rabi. Amma ban yarda a ce yare ba shi da tasiri ko kaɗan ba. Yaren da yake tilasta maka ka faɗi nau'in kowane abu, wannan lamba ce, wannan rubutu ne, yana kama kurakurai tun kafin su isa hannun mai kemis. Dalilin da ya sa Microsoft ya fitar da TypeScript, wato JavaScript mai faɗin nau'in abu, a 2012 ke nan, kuma yanzu manyan ayyukan JavaScript da yawa sun koma kansa. Wannan ba yayi ba ne, jiki ne ya gaya wa mutane.

Ɗan Panteka:
Wannan gaskiya ce, ƙanena, ba zan musa ba. Sai dai ita ma PHP ta ji wannan kukan. Tun PHP 7 a 2015 kana iya faɗin nau'in abin da aiki zai karɓa da wanda zai mayar, PHP 8 ta 2020 ta ƙara ƙarfafa shi. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu har yanzu rubutun 2010 muke yi. Ka zo shago ranar da ka samu sarari in nuna maka, kai ma ka nuna mini Go ɗin nan in gani da idona.

Na-Rigasa:
In sha Allahu Lahadi bayan la'asar, Yaya.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yanke bayan na yi magana da abokan aikina.

A tallar zan rubuta cewa aikinmu da PHP da Laravel da rumbun bayanai na MySQL muke yi, don kada a yaudari kowa, amma wanda ya iya wani yare da kyau kuma yana shirye ya koya, ƙofa a buɗe take. Na cire digiri. Zan rubuta albashin a fili, mun ƙara shi zuwa dubu ɗari da hamsin, iya ƙarfinmu ke nan a yanzu. Gwajin awa biyu ne a ofis ranar Asabar ta sama, da safe, kuma kowa zai karɓi kuɗin mota da na abinci. Baba Injiniya, in ba za ka damu ba, ina so ka duba mini kurakuran da zan dasa kafin ranar. Zan ƙara na huɗu, teburi ɗaya a kan latin1 da sunan Ɗanladi a ciki.

Wani abu kuma da maganar Maman Sadik ta sa na kasa barci a kansa jiya: yarinyar nan tana gama bautar ƙasa wata mai zuwa, kuma ina ta neman ƙwararre a waje ban taɓa tambayarta ko tana son ta zauna ba. Yau da safe na tambaye ta. Ta ce sai ta yi shawara da mahaifinta, za ta ba ni amsa ranar Litinin.

Injiniya:
Turo mini daren nan, zan duba bayan isha'i.

Ɗaliba:
Kawu, ni ban kai a ɗauke ni ba tukuna, amma zan iya zuwa ranar Asabar ɗin in gwada kawai, in ga inda nake?

Baban Hanifa:
Ki zo, 'yata. Ƙarfe tara za mu fara. In ba ki da kwamfuta akwai ɗaya a ofis, ki dai sanar da ni kafin Alhamis in sa a saita miki ita.